Wai sigarin lantarki na fashewa a baki? Tambayoyin da mashaya taba suka fi yi da amsoshinsu

Duk wanda ya taɓa ce ma mai shan taba ya gwada sigarin lantarki (na'ura mai batir da ke ɗumama wani ruwa mai nikotin ya zama tururi a zuƙa) ya san amsar da ke biyo baya, kafin ka rufe baki zai ce maka "wannan abun da ke fashewa?" Ba zai maka maganar huhu ba, ba zai maka maganar nikotin ba, fashewar dai ita ce a ransa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawo a bakin mashaya, na bar su kusan yadda ake yinsu.

Tsakani da Allah yana fashewa, ko dai tsoratarwa ce kawai?

Yana fashewa. Ba ƙage bane. Akwai waɗanda suka rasa haƙora, akwai waɗanda cinyarsu ta ƙone har saida aka yanko fata daga wani wuri aka dasa musu, akwai wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Nevada ta Amurka da abun ya tashi a bakinsa ya karya masa muƙamuƙi, likitocin da suka dubashi suka buga labarin a mujallar likitanci a 2019. Duk wanda yace maka wannan farfagandar kamfanonin taba ce, toh bai faɗa maka gaskiya ba.

Toh yawansa fa? Kullum ne ko jefi-jefi?

Jefi-jefi ne, amma bari in baka abun da aka ƙirga ka auna da kanka. Hukumar kula da gobara ta Amurka ta fitar da rahoto a 2017, ta tattara abun da kafafen labarai suka ruwaito daga Janairun 2009 zuwa ƙarshen 2016, ta samu fashewa ko kamawar wuta sau 195, mutum 133 suka ji rauni, 38 daga ciki raunin mai tsanani ne. Shekara takwas kenan fa. Sai dai wannan lissafin na abun da ya shiga jarida ne kawai, wanda cinyarsa ta ƙone ya tafi asibiti shiru ba ɗan jarida baya ciki. Shi yasa da wasu masu bincike suka bi ta bayanan sashen gaggawa na asibitoci, sai ƙiyasinsu ya kai mutum 2,035 tsakanin 2015 da 2017. Kaga tazarar ba kaɗan bace.

Ko da ka ɗauki babban adadin, ka tuna miliyoyin mutane ne ke zuƙar abun kullum a ƙasar, sau da yawa a rana. Dubu biyu cikin shekara uku ba wasa bane ga wanda abun ya faɗa wa, amma ba shine abun da ke jiran mafi yawan masu sha ba.

Menene ma yake fashewa a ciki? Ruwan ne?

Ba ruwan bane, batir ne. Batirin litiyam, irin dai wanda ke cikin wayarka da kwamfutar tafi da gidanka. A cikinsa akwai ɓangare biyu da wata 'yar siririyar leda ta raba, ga kuma wani ruwa mai cin wuta. In ledar nan ta huje, ko saboda batirin ya faɗi ya lotse, ko zafi ya masa yawa, ko an cika masa caji fiye da kima, ko tun daga masana'anta aka yi shi da aibi, sai ɓangarorin su haɗu. Daga nan zafi ke haifar da wani zafin, shi kuma ya haifi wani, cikin 'yan daƙiƙu ruwan ciki ya zama iskar gas yana neman hanyar fita, kuma in aka kai wannan gejin babu maɓallin da zaka danna ya tsaya.

In batir ɗaya ne da na waya, me yasa ba'a tsoron waya?

Waya ma na yi, ko ka manta Samsung Galaxy Note 7 da aka janye daga kasuwa a 2016 har jiragen sama suka hana shiga da ita? Bambancin a siffa yake da kuma inda ake ajiye abun. Batirin waya shimfiɗaɗɗe ne cikin jaka mai laushi, in ya lalace yawanci kumbura yake ya tsage ya yi hayaƙi. Shi kuwa na sigarin lantarki da yawa gwangwani ne na ƙarfe dogo, an kuma zura shi cikin wani bututun ƙarfen, toh gas ɗin in ya taru ta ina zai fita? Ta ƙarshen da ya fi rauni. Sai abun ya koma kamar 'yar roka, ko dai batirin ya harba ko kuma bakin zuƙar ya harba, ga shi kuma dama a bakinka yake ko a aljihun wando manne da cinya. Shi yasa raunukansa suka fi zama a fuska, hannu, cinya da mara.

Ya taɓa kashe mutum?

Ya taɓa. A watan Mayun 2018 a St. Petersburg ta jihar Florida wani mai shekara 38 ya mutu bayan ɓaraguzan na'urar sun shige kansa, ɗakin ma ya kama da wuta. A Janairun 2019 kuma a Texas wani matashi ɗan shekara 24 ya rasu, ƙarfen ya yanke masa babbar jijiyar wuya. Duka biyun irin na'urar nan ce da ba ta da komai na kariya a ciki, zan zo kanta a ƙasa.

Ni dai gara tabata, aƙalla shekara ashirin ina sha bata taɓa fashe min ba. Ƙarya nayi?

Baka yi ƙarya ba malam, bata fashe ba kuma ba zata fashe ba. Amma anan ne lissafin mashaya ke karkacewa, kuma nan nake so mu ɗan zauna.

Hukumar Lafiya ta Duniya tace taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara, kuma cikin masu shanta da basu daina ba, har kusan rabi ita ce ajalinsu. Rabi fa. Raba miliyan bakwai ɗin nan da kwanakin shekara, zaka samu kusan mutum dubu goma sha tara a kowace rana. Babu ɗayansu da aka ɗauka a kyamarar shago wandonsa na tartsatsi yana tsalle. Mutuwarsu a gadon asibiti take, ko a gida bayan shekaru ana tari ana haki, wani bugun zuciya ne ya ɗaukeshi a ce "ai lafiyarsa ƙalau jiya," ba ma wanda zai ambaci taba a wajen gaisuwa. Ita fashewa kuwa daƙiƙa goma ce a bidiyo, ga wuta ga ihu, ana turawa daga waya zuwa waya har shekara biyar bayan faruwarta, kai da ka gani yau sai ka ɗauka jiya akayi. Gani ya kori ji, kuma ita illar taba jinta kawai ake.

Masana halayyar ɗan adam sun daɗe da lura da wannan, Paul Slovic ya yi rubutu a kai tun 1987, cewa mutane basa auna haɗari da yawan gawa, suna aunawa ne da wasu abubuwa daban: sabon abu ne ko wanda aka saba dashi, farat ɗaya yake zuwa ko a hankali, ina jin ragamarsa a hannuna take ko a'a. Duba yadda taba ta ci duka ukun. An saba da ita tun kaka da kakanni, a hankali take cin mutum, kuma mai sha yana jin shi ke riƙe da ita, shi ya kunna shi zai kashe, kullum yana ce wa kansa "duk ranar da naga dama zan ajiye." Batir kuwa baƙo ne, baka ganin cikinsa, kuma baya neman izininka.

Sannan akwai abun da ba'a cika son faɗa ba. Wasu ba tsoron fashewar suke ba tsakani da Allah, hujja suka samu. Mutumin da yake kwana da waya a jone a caji ƙarƙashin matashin kai, yake zuƙar taba kusa da galan ɗin fetur, shi ne zai ce maka yana tsoron batir. Ba zarginsa nake ba, nikotin ya iya nemo wa mai shi dalili, duk wanda ya taɓa ƙoƙarin dainawa ya san yadda ƙwaƙwalwa ke zama lauya. Sabo turken wawa aka ce, kodayake a wannan harka turken ya riƙe masu wayo da yawa.

Kuma abun ya yi tasiri sosai, ba fashewa kaɗai ba, harda labarin ciwon huhun da ya ɓarke a Amurka a 2019 wanda daga baya aka gano yawancinsa daga wani sinadari ne da ake gauraya wa ruwan wiwi na bayan fage. A Ingila bincike ya nuna zuwa 2023 fiye da rabin mashaya taba sun yarda cewa sigarin lantarki daidai yake da taba wajen illa ko ma ya fita, alhali hukumomin lafiyar ƙasar kishiyar haka suke faɗa.

Ita taba bata tada gobara ne?

Wannan tambayar ba mashaya ke yinta ba, ni nake musu ita. Kara ɗaya da aka yi barci dashi a hannu ya faɗa kan katifa ko kujera, baya tashi nan take, cin ciki yake yi a hankali yana hayaƙi har mutanen gidan su shaƙa cikin barci. A Amurka da Birtaniya kayan shan taba na sahun gaba cikin abubuwan da ke jawo gobarar gida mai kisa. Abun ya kai saida aka kafa doka a kai, jihar New York ta fara a 2004, Tarayyar Turai ta biyo a 2011, cewa dole a yi karan taba da takardar da zata sa ya mutu da kansa in an daina zuƙa. Wato ko a fagen wutar ma, inda mai shan taba ke ganin ya fi tsira, tabar ce tafi kisa nesa ba kusa ba. Sai dai ba'a kiran wannan "fashewa," ana cewa gobara ce ta tashi, tsautsayi.

Su kuma waɗanda suka riga suka koma na lantarkin, ya suke kallon abun?

Nasu kuskuren ta ɗaya gefen yake. Da ka ɗaga maganar sai kaji "ai laifin mai shi ne, bai iya ba." Akwai ƙamshin gaskiya, da yawan fashewar daga sakaci take, amma ba duka ba. Akwai batirin jabu da aka sake wa riga aka buga masa sunan babban kamfani da lambobin ƙarya, mai saye bashi da yadda zai gane. Kuma ko da laifin mai shi ne, na'urar da kuskure ƙarami zai sa ta cire maka haƙora ai ita ma da nata laifin. Wannan "ba zai faru dani ba" ɗin dai shine wanda mai taba ke faɗa game da kansa, kaya kawai aka sauya.

Wane iri ne yafi haɗari?

Wanda 'yan harkar ke kira mek mod. Bututun ƙarfe ne kawai da batir da maɓalli, ba wata ƙwaƙwalwar lantarki a ciki da zata yanke wuta in zafi yayi yawa ko wayoyin wuta suka haɗu. Ka danna, batir ya juye duk abun da wayar ɗumamawa ta nema, in kuma ta nemi fiye da ƙarfinsa shikenan. Masu son hayaƙi ya turnuƙe ne suka fi sonsa, kuma sai wanda ya san lissafin wutar lantarki ya kamata ya taɓa shi, in ma ya kamata.

Bayansa sai duk na'urar da ake cire mata batir, musamman mai lamba 18650 (faɗinsa milimita 18, tsayinsa 65, daga nan sunan ya fito). Manyan kamfanonin da ke ƙera wannan batir basu yi shi dan a riƙe shi tsirara a hannu ba, sun yi shi ne a jera cikin fakiti mai kariya na kwamfuta ko injin huda, kuma sun sha faɗin haka. A Janairun 2021 hukumar kare masu saye ta Amurka ta gargaɗi mutane kar su sayi irinsa warwara. Ƙananan na'urori masu batir a rufe da kariya a ciki basu kai waɗannan ba, kodayake suma ba'a ce basa yi ba.

Me ya haɗa aljihu da wannan magana?

A rahoton nan na 2017, kusan kashi ɗaya cikin uku a aljihu abun ya faru. Wani lokacin ma ba na'urar bace, batirin safaya ne aka jefa aljihu tare da makulli ko kuɗin ƙarfe. Jikin gwangwanin gaba ɗaya ɓangare guda ne na wutar, 'yar ledar da aka naɗe shi da ita ce kawai ke rufe shi, in ta yage ko kaɗan ne kusa da kai, makulli ya taɓa, ɓangarorin wutar biyu sun haɗu kenan. 'Yar akwatin roba ta ajiye batir ta kashe wannan matsalar gaba ɗaya. In kuma na'urar ce a aljihu, kulle maɓallin, dan zama a kanta na iya danne shi ya yi ta ɗumama baka sani ba.

Zan iya amfani da cajar waya tunda bakin ya shiga?

Bakin ya shiga ba yana nufin wutar ta dace ba. Yi amfani da wadda ta zo dashi ko wadda kamfanin ya ce. Kar ka jona ka kwanta barci, kar ka jona a kan gado ko kujera ko kusa da labule, sa shi kan abu mai tauri inda idonka ke kai, in ya cika ka zare. Mota da aka rufe cikin rana ma ba wajen ajiyarsa bane.

Wani abu da ake mantawa: gidan da ke da mara lafiya mai amfani da iskar oksijin. A Ingila a 2014 wani dattijo ya mutu bayan sigarin lantarkinsa da ke caji ya kama wuta kusa da na'urar oksijin ɗinsa. Taba ma haka take a wajen, ko fiye.

Me yasa a filin jirgi suke cewa kar a sa shi a babbar jaka?

Saboda in ya kama a cikin ɗakin fasinja ma'aikata zasu gani su kashe, in kuwa a ƙasan jirgi ne cikin tulin akwatuna ba mai kai hannu. Tun 2015 ƙa'idar jiragen sama ta duniya ta hana sa shi a kayan da ake aunawa, ta kuma hana cajinsa cikin jirgi. Sojin ruwan Amurka ma sun dakatar dashi a jiragensu a 2017 bayan jerin haɗurra. Ka kuma duba dokar ƙasar da zaka, Indiya, Tailan da Singafo duk sun haramta shi, kar kaje kana tunanin batir kwastan su tare ka da wata maganar.

Na yarwa ɗin nan fa, wanda in ya ƙare ake jefarwa?

Shi haɗarinsa yafi faɗawa kan wasu ba kan mai sha ba. Ruwan ne ke ƙarewa, batirin yana nan da sauran wuta. An jefa shi a shara, motar kwasar shara ta matse shi, sai wuta ta tashi cikin takardu da robobi. A Birtaniya an ƙiyasta ana zubar da kusan miliyan 5 duk mako a 2023, kuma tun 1 ga Yunin 2025 an hana sayar da irinsa a can. Mai shan taba da ke tsoron fashewa bai taɓa kawo wannan ba, dan ba bakinsa bane.

Kenan in koma na lantarkin?

In baka shan komai, kar ka fara ko ɗaya, musamman yara, nikotin ne a ciki kuma kamu yake. In kana shan taba kana neman mafita, bitar bincike ta Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya tana tantancewa, ta samu hujja mai ƙarfi cewa sigarin lantarki mai nikotin na taimakawa wajen dainawa fiye da cingam ko filastar nikotin. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana ɗari-ɗari dashi, tana cewa shima yana da illa kuma yana jan matasa. Wannan muhawara ce ta gaske, zaka iya tsayawa kowane gefe da hujjarka. Akwai ma magunguna irin su varenicline da likita kan rubuta, ba batir ba hayaƙi. Abun da nake ƙi shine mutum ya ajiye duk waɗannan ya ce fashewa ce ta hanashi, sannan ya kunna wani karan. Kuma haɗa biyun, taba da safe lantarki da rana, baya cire ka daga illar taba.

Ta yaya zan gane batir ya fara lalacewa, in kuma ya kama me zanyi?

Zafin da ya wuce na kullum ko da baka zuƙa ba, kumburi, lotsewa, leda ta yage, wani wari mai ɗan zaƙi kamar na sinadari, ko ƙara kamar tsaki ko huci. Ko ɗaya ka gani daina amfani dashi, haka in ya faɗa ruwa. In ya fara huci a hannunka kar ka tsaya dubawa, ajiye shi ƙasa nesa da kayan cin wuta ka matsa, kar ka shaƙi hayaƙin, in yana jone kashe wutar daga soket in zaka iya kaiwa lafiya. Ko ya mutu kar ka yi saurin ɗauka, yana iya sake tashi.

In ya ƙona mutum, a cire tufafin da basu manne da fata ba, wanda ya manne a barshi, a sanyaya wajen da ruwa mai gudu kamar minti 20, ba ƙanƙara ba man goge baki ba wani shafe-shafe. Sannan a tafi asibiti ko da ƙunar ta yi kamar ƙarama, a kuma faɗa musu batir ne, dan bayan wutar akwai sinadarin ciki da kan ci gaba da cin fata, kuma wani lokacin akwai ɓaraguzan ƙarfe a cikin naman da sai an ɗauki hoto ake gani.